Layar Nasidi

A gidanmu na Jahun, idan aka aiki yaro ya daɗe bai dawo ba, ba a cewa ya tsaya wasa. Cewa ake yi ya yi Nasidi. Akuya ma idan ta tsinke igiya, Nasidi ta yi. Sai da na yi wayo sosai sannan na gane cewa Nasidin nan mutum ne, kuma kakan kakana ne.

Labarinsa gajere ne, kuma babu daɗin ji. Wanzami ne kamar sauran mazan gidanmu. Tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu ya bar matarsa Sakinatu da ɗa na goye, ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙafa, ya ce shekara huɗu zai yi. Bayan shekara shida wani daga cikin ayarin ya dawo, ya ce shi dai rabonsa da Nasidi tun a wani zango a ƙasar Sudan, inda ya ƙi bin ayari ya yi zamansa, lafiyarsa kalau. Mutanen gari suka ƙarasa sauran labarin da bakinsu: ya sami mace ya manta gida. Da shekara ta zagayo sai wani falke ya kawo wa Sakinatu 'yar takarda a naɗe, an ɗaure ta tam da zare, ya ce hannu da hannu ta zo daga gabas, daga Nasidi, an ce a ba ɗansa. Ko gaisuwa babu. Sakinatu ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata, ta rataya wa yaron a wuya.

Tun daga nan layar take bin ɗan fari na gidan. Idan fatar ta tsufa sai a ɗora mata sabuwa a kan tsohuwar, don ba a buɗe laya, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haka. Mahaifina, Malam Ɗalhatu, ya ɗauke ta shekara arba'in, sannan ta dawo wuyana. Layar muna riƙe da ita hannu bibbiyu, amma mai ita ba mu yafe masa ba. Duk watan Sha'aban ana saukar Alƙur'ani a gidanmu, Baba ya jero sunayen mamatanmu ɗaya bayan ɗaya ana yi musu addu'a. Idan ya zo kan Nasidi sai ya tsallake.

To ni Surajo, da na tashi neman abin kaina, sai na ajiye aska na karɓi aikin gadi a Doha. Ranar da zan tafi na durƙusa gaban Baba ina jiran albarka. Yana wasa aska a fata, bai ko ɗago ba.

"Kwantiragin shekara biyu ne, Baba. Da ya cika zan dawo."

"Je ka," ya ce. "A gidan nan mun taɓa jin irin wannan lissafin."

Maganar ta yi mini zafi, kuma na rantse a raina sai na ba shi kunya. Shekara biyu ta cika a watan Afrilun 2020, jakata a ɗaure, har da turaren da na saya masa. Sai korona ta rufe duniya. Jirgi ya daina tashi, aka kulle mu mu shida a ɗaki guda a unguwar Najma, gado kan gado, kowa yana sauraren tarin ɗan'uwansa da kunnen zargi. Na buga waya gida don in yi bayani. Ƙanwata Ikilima ce ta ɗauka, na ji ta kai wa Baba wayar, na ji ta dawo da ita.

"Yaya, ya ce ya ji."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce Nasidi ma ba zai rasa dalilinsa ba."

Daga ranar Baba bai sake karɓar wayata ba. Matata da 'ya'yana mata biyu muna gaisawa kullum, Ikilima tana ba ni labarin gida, amma shi shiru. Mutumin ya haura tamanin, ga annoba tana ɗibar tsofaffi. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne ya tafi yana kallona a matsayin ɗan da ya gudu.

Ba zan yi ƙarya in ce son tarihi ne ya sa na fara bincike ba. Rigima nake nema. Na gaji da a riƙa auna ni da mutumin da ko kabarinsa ba a sani ba, na ce bari in san ko wane ne shi, ko na sami abin da zan mayar wa Baba. A ɗakinsa akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, kuma warƙar ƙarshe ita ce rajistar gidanmu: haihuwa, aure, mutuwa, kowane zamani da hannun wanda ya rubuta. Na lallaɓa Ikilima ta ɗauko mini hotonta ranar Juma'a bayan Baba ya fita.

Makonni na yi a kan hoton nan. Lokacin an mayar da ni gadin wani otal a Lusail da aka killace matafiya a ciki, aikina in ɗora wa mutane na'urar auna zafi a goshi in duba ko manhajar korona da ke wayarsu ta nuna kore, alamar lafiya. Tsakanin mutum da mutum sai in zaro wayata in buɗa hoton da yatsu biyu. Ajamin da na koya a makarantar allo ya yi tsatsa, amma a hankali ya dawo. Shekarun duk na Hijira ne, ina juya su zuwa na Bature ina rubutawa a bayan takardar duti.

An haifi Nasidi a 1251, wato wajen 1835. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan sha bakwai. Ya auri Sakinatu a 1276. Bayan shekara biyu aka haifi ɗansu Uwaisu, kuma wannan layin Nasidi ne ya rubuta da hannunsa, don ya sa "ɗana". Rubutunsa daban yake da na kowa a warƙar: ya karkata hagu, yana danna alƙalami har tawada ta taru a ƙarshen kowane harafi. Sai layi na gaba da hannun ƙanensa Ɗanbaba: "Nasidi ya fita gabas bayan ƙaramar salla, 1279." Sai kuma: "1286, laya ta zo daga gabas ta hannun falke." Kowa a warƙar akwai ranar rasuwarsa a ƙarƙashin sunansa. A ƙarƙashin na Nasidi an bar fili kamar faɗin babban yatsa, babu wanda ya cike shi.

Na yi lissafi. Shekararsa ashirin da takwas ranar da ya fita. Duk rayuwata ina ganinsa tsoho mai farin gemu da mugun hali, ashe yaro ne, na girme shi da shekara goma. Can ƙasa na ga Sakinatu: ta rasu a 1320, kuma babu wani aure da aka rubuta mata bayan na farko. Na tura saƙon murya ga tsofaffin dangi har Haɗeja da Gumel. Abin da na samo bai taka kara ya karya ba. Wata gwaggon Baba ta ce ta ji ana cewa Sakinatu mace ce mai taurin kai, manema sun yi ta zuwa tana korarsu. Ban da wannan, kowa labarin nan guda yake maimaita mini, wasu har da ƙarin cewa matar da ya samu a Sudan fara ce doguwa, kamar sun halarci bikin.

Nan bincikena ya tsaya cik, har shekara biyu. Korona ta lafa, amma kamfaninmu ya ce babu hutu, gasar ƙwallon duniya tana tafe kuma ana neman masu gadi ruwa a jallo. Shekara biyuna ta zama huɗu. Kullum na tuna cewa Nasidi ma huɗu ya ce, sai abinci ya fita raina.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. A zamanin korona na kamu da son sanitaiza fiye da kima. Hannu, waya, makulli, takalmi, katin aiki, babu abin da ya tsira. Har layar wuyana nake fesawa safe da yamma, ina ganin gata nake yi mata. Ban daina ba ko bayan kowa ya daina. Fatar da ta jure gumin wanzamai huɗu ba ta jure wannan gatan ba. Ana tsakiyar gasar, ina tsaye a ƙofar filin wasa na Lusail da rana, 'yan kallo sun yi dafifi da ganguna da tutoci ina ta "yalla, yalla" ina nuna musu layi, sai na ji wani abu yana zubo mini a ƙirji kamar garin gawayi. Na leƙa cikin riga, na ga layar ta tsage gida biyu. Na dafe ta da hannu ɗaya na ƙarasa dutin da ɗayan.

Ranar hutuna na nufi kasuwar gwanjo ta Najma wurin Baba Osman, mai gyaran takalma da jakunkuna. Dattijo ne ɗan Sudan, amma Bahaushe ne. Kakanninsa mahajjata ne da suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta da ce, idan yana magana sai ka ce kakarka ce ta dawo duniya da gilashi a hanci. Na ajiye masa layar a kan benci.

"Baba Osman, sabuwar fata nake so a ɗora mata. Amma don Allah kada a buɗe."

Ya juya ta da bakin basilla, ya sunsuna, ya dube ni ta saman gilashi.

"Me ka yi mata, ɗana?"

"Sanitaiza."

"Laya ka yi wa sanitaiza." Ya girgiza kai. "To ita da aka rataya maka don ta tsare ka, kai ne ka koma tsaronta. Wannan fata khalas, ta mutu. Huɗu ne a jere, duk sun zama gari. In na ɗinke a haka, ruɓar za ta ci takardar ciki. Sai na cire, in naɗe ta a sabon ƙyalle. Ba zan karanta ba, ni ma ɗan gida ne."

Na yarda, na juya baya ina kallon masu cinikin tsofaffin firji, don ko ganin takardar ba na so in yi. Na ji yana ɓare fatun ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji shiru ya yi yawa.

"Ɗana, zaren ya narke da kansa, ninki ɗaya ya buɗe. Ban nema ba, idona ne ya faɗa a kai. Wa ya ce muku wannan laya ce?"

"Laya ce mana. Ta fi shekara ɗari da hamsin a gidanmu."

"Na ɗinka layu sun fi dubu kafin in zo ƙasar nan. Laya aya ce da hatimi. Ban taɓa ganin wadda ta fara da 'daga wane zuwa ga wance' ba. Haka matafiyan da suke naɗe wasiƙa, su ɗaure da zare saboda ruwa da gumi. Wannan wasiƙa ce."

Na daɗe ban juyo ba. Ina tunanin Baba, da abin da zai ce idan ya ji cewa bayan na gudu har layar gida na farke. Baba Osman bai matsa mini ba. Ya ja kujera ya ajiye kusa da shi, ya aika aka kawo shayi, ya ce in na ga dama ya ɗinke ta yadda take, babu wanda zai ji daga bakinsa. Sai na tuna filin nan mai faɗin babban yatsa. Na zauna na ce ya buɗe.

Da bakin hantsaki ya warware ta a hankali, ninki bayan ninki, yana riƙe numfashi. Takardar ta yi ja kamar ganyen taba, gefenta ya cinye, amma tawadar tana nan. Kafin in karanta kalma ɗaya na gane hannun. Ya karkata hagu, tawada ta taru a ƙarshen kowane harafi. Shekara biyu ina kallon wannan hannun a wayata. Ajami ne, don haka ni na karanta, ina tuntuɓe Baba Osman yana tayar da ni.

"Da sunan Allah. Daga Nasidi wanzami zuwa ga iyalina Sakinatu, da ɗana Uwaisu, da ƙanena Ɗanbaba. Gaisuwa da aminci. Bayan haka, mun iso wani zango, kwana biyu tsakaninsa da teku. Annoba ta same mu a nan, ta zo tare da alhazan da ke komowa. Amai ne da gudawa, mutum ya yi asuba da ƙafarsa a binne shi kafin la'asar. Ayari ya tashi ya bar mutum goma sha tara a kwance. Ban ga laifinsu ba, ni ma na ji tsoro. Amma ni kaɗai ne wanzami a cikinmu, kuma babu mai ba su ruwa, babu mai yi musu wanka idan sun cika. Na zauna. In na tsira zan haye in sauke farali in juyo gida. In ban tsira ba, Sakinatu ki yafe mini. Kada ki zauna jirana, ki yi aure. A koya wa Uwaisu aska da karatu."

A nan na dakata da karatun. Shekara talatin da huɗu matar nan ta yi tana korar manema, takardar da ta sallame ta tana rataye a wuyan ɗanta, tana ganinta safe da yamma. Na yi kuka a tsakiyar kasuwar gwanjo, gardi da ni, mai sayar da firji yana leƙe.

Ƙasan takardar akwai wasu layuka da wani hannun, da Larabci. Baba Osman ya gyara gilashi ya karanta, yana fassara mini.

"Ni Abdullahi mutumin Barno, ɗaya daga cikin bakwai da suka tashi. Mai wannan takarda ya yi jinyarmu kwana ashirin da shida, ya binne goma sha biyu da hannunsa. Sannan ciwon ya kama shi. Ya rasu ranar Laraba, goma ga Safar, 1282. Mun binne shi gabas da rijiya. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, don Allah ya miƙa ta gaba har ta kai Jahun ta ƙasar Kano."

Baba Osman ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ya ce a garinsu akwai tsofaffin kaburbura da ba a san masu su ba, ana dai cewa na mahajjata ne, kuma duk salla ana share su. Ya ce daga yau idan ya je zai riƙa ambaton Nasidi a wurin, ko ba nan yake kwance ba. Ya sa takardar tsakanin kwali biyu masu tsabta, ya ɗinka mata jaka mai buɗewa. Na sa hannu a aljihu ya harare ni, dole na fito da hannun haka nan.

A bas ɗin komawa na yi ta tunanin mutumin da ya dawo ya ce Nasidi ya ƙi bin ayari. Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiyar ya faɗa, don sauran rabin zai tona cewa shi ya tsallake marasa lafiya ya wuce. Na so in ji haushinsa, amma Nasidi da kansa ya ce bai ga laifinsu ba, to ni wane ne? Abin da ya cika mini zuciya godiya ce. Shekara huɗu takardar nan tana tafiya daga hannu zuwa hannu, cikin mutanen da ba su san mu ba, babu wanda ya yar da ita. Sakinatu ma na gode mata. Kuskurenta ya ci mata rayuwa, amma da an karanta wasiƙar a ranar da ta zo, da tuni gara ta cinye ta, ni kuwa da ban taɓa jin muryarsa ba.

Saura Baba. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Ikilima, na ce ta kai shago a buga mata shi babba. Can sai ta kira ni.

"Yaya, na faɗa masa. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, 'Layar gidan ya buɗe?' Ya shige ɗaki."

"Kin nuna masa takardar?"

"Ya ƙi kallo. Ya ce a zamanin nan wanda ke da waya babu abin da ba zai iya ƙerawa ba."

Raina ya ɓaci har na fara zayyano maganganun da ba a faɗa wa uba, Allah ya taimake ni Ikilima ce kaɗai ke ji. Da na huce na ce mata kada ta sake yi masa maganar. Ta ɗauko warƙar ƙarshe ta Alƙur'anin, ta ajiye a kan buzunsa, ta ajiye hoton a gefenta, layin haihuwar Uwaisu daidai da layin farko na wasiƙar, ta fita ta bar masa ɗakin. Baba ya yi shekara sittin yana duban fatar mutane kafin ya sa aska, idonsa ba ya wuce ƙaramin abu.

Kwana uku babu labari. Ina tsaye a ƙofar fili ina duba tikitin mutane, Larabawa da Turawa da mutanen da ban taɓa jin sunan ƙasarsu ba suna rungumar juna saboda ƙwallo, ni kuwa kowane minti sai na taɓa aljihun da wayata take. A rana ta huɗu Ikilima ta turo hoto ba tare da ko kalma ba. Warƙar ce. A ƙarƙashin sunan Nasidi, da sabuwar tawada da hannun Baba, an rubuta: "Ya rasu goma ga Safar, 1282, yana jinyar mahajjata. Allah ya yafe mana." Daga baya ta ce mini shi ya dafa tawadar da kansa, ya fere sabon alƙalami, kuma ya sa an tara mutanen gida ya karanta musu wasiƙar a tsaye.

Amma bai kira ni ba. Na ce wa kaina ko a haka aka tsaya na gode Allah, an wanke mutum guda a cikinmu. Ba gaskiya na faɗa wa kaina ba, so nake a wanke mu duka biyu.

Aka gama gasar, baƙi suka watse, kamfani ya manna sunayen waɗanda aka ba hutu. Nawa yana ciki, kwana talatin daga farkon Janairu. Washegari da hantsi muna kwashe shingayen ƙarfe a bakin fili muna lodawa a mota sai wayata ta yi ƙara. Lambar Ikilima ce. Na ɗauka na ce, "Ke, ina duti, zan kira ki."

"Ba ita ba ce."

Na saki shingen da ke hannuna, saura kaɗan ya faɗa wa wani ɗan Nepal a ƙafa. Na durƙusa a wurin, kan kwalta, kamar yana ganina.

"Baba, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Muryarsa ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ina jin kukan kaji a bayansa da ƙarar turmi daga maƙwabta.

"Daga inda kake zuwa Makka, tafiyar kwana nawa ce?"

"A bas, yini da kwana ne, Baba."

"Yini da kwana." Ya maimaita a hankali. "Shi Nasidi fiye da shekara biyu ya yi yana tafiya, ya rage masa kwana biyu ya ga teku. An ce an ba ka hutu."

"Kwana talatin. Ranar uku ga wata zan taso, in Allah ya so."

"Ba nan za ka fara zuwa ba. Ka cire kwana goma ka tafi Makka. Ka yi umararka tukuna, don ba a yi wa wani sai an yi ta kai. Sannan ka fita ka sake ɗaura harami ka yi tasa, ka ambaci sunansa da kyau. Hajjin kuma sai Allah ya hore. Ka roƙa wa Sakinatu, da Babarbaren nan Abdullahi, da badukun da ya buɗe maka ita. Me sunansa?"

"Osman."

"Da Osman."

"Baba, shekara huɗu da rabi ban gan ku ba. Ina tsoron in ƙara ko kwana ɗaya."

"Kwana goma ba za su kashe ni ba, in kuma sun kashe ni, a kan aikena kake." Ya yi tari, ya gyara murya. "Sai abu ɗaya. Wa ke yi maka aski a can?"

"Wani ɗan Bangaladash ne a Najma, da inji."

"Da inji." Na ji tsakin da ya yi har cikin kunnena. "To ka ji. Idan ka gama umarar, ta farko da ta biyu, saisaye kawai za ka yi, ya halatta. Kada ka bari wani ya sa maka aska a can. Ka zo mini da kan yadda yake, ni zan aske shi."

Na ce to. Bai jira in ƙara wani abu ba ya miƙa wa Ikilima wayar. Sufabaiza yana ta ɗaga mini hannu daga bakin mota, na miƙe na kakkaɓe gwiwa na koma kan shingaye. Da yamma na wuce ta gaban shagon ɗan Bangaladash, ya leƙo ya ce gashina ya taru, in shigo babu layi. Na ce masa ya yi haƙuri, an riga shi.